Jar Rigar Casimiro

Mai girma shugaban taro, Don Hilario Barreda, wanda na sani tun yana yawo ba wando, Fada mai kula da cocinmu, alƙalin unguwa, tsofaffin sojojinmu da suka rage, ku huɗu, ko in ce uku da rabi tunda Don Zenón ya fara gyangyaɗi, 'ya'yana da jikokina mutanen unguwarmu ta San Telmo, maza da mata, ina gaishe ku baki ɗaya.

Na gode da kuka tuna da ni, tsohuwa Eulogia. Kun ɗauko ni a kujera, kun wanke tukunyar gidanmu, kun ɗora ta kan tebur da furanni kamar amarya. Kun ce yau shekara hamsin da muka kori 'yan Ingila daga Buenos Aires karo na biyu, za ku buɗe dutse mai sunayen matattunmu, ni kuma ku rataya min lambar yabo. Kafin lambar, ga kacici-kacici, kada mai ilimi ya yi gaggawa. Wane ne ya yi yaƙi a ɓangarenmu, ya mutu a hannunmu, aka binne shi da abokan gaba, aka rubuta shi cikin waɗanda suka gudu?

Akwai sunan da babu a dutsen can, sunan yayana Casimiro Ledesma. Saboda shi na zo, ba don lamba ba.

Magana ta farko, rigar. Zuwansu na farko, 'yan Ingila sun riƙe garin nan sati shida, muka fatattake su, sarkin Sifaniya da ke mulkinmu a lokacin yana can gida bai san ana yi ba. Da suka faɗi, talakawa suka tuɓe wa gawarwakinsu jajayen riguna, don ulu ne mai kauri, mu kuma ba mu da shi. Masu hankali sun rina nasu baƙi. Yayana ya ce ja ya fi yi masa kyau.

Da suka dawo shekarar da ta biyo, su dubbai, cikin sanyin Yuli, na gan shi da safe yana ɓalla maɓallan jar rigar.

"Yaya, cire wannan abin, kana warin mushen Ingila."

"Ji mai warin kitsen shanu. Bargo zan yafa a kai, wa zai gani? Sanyin nan ba ruwansa da sarkin kowa."

"In suka kama ka, ka ce kai ɗan'uwansu ne da rana ta ƙona."

Ya ja min kunne, ya ɗauki bindiga ya fita. Matarsa tana da cikin wata bakwai.

Magana ta biyu, tukunyar. Kyandir muke yi a gidanmu, narka kitse ne aikinmu tun daga kakanni. Ranar muka hau da tukunya saman soro, muka hura mata wuta. Kun san ba a juye tafasasshen kitse fuska na kallonsa, tururin zai makantar da mutum. Biyu ke kama hannuwan tukunya su kawar da kai, ta uku ta leƙa ta ce zuba. Inna da Gwaggo Remedios ke kamawa. Ni ce mai leƙe, don na fi kowa ido a layinmu. Umarni ɗaya aka ba kowane soro: kika ga ja, ki zuba.

Sun shigo layinmu a jere, ba sa ko harbi. Duwatsu daga sama, ruwan zafi daga sama, harsashi daga kowace taga. Na ga samari da ba su fi ni shekaru ba suna kiran iyayensu da yaren da ban ji, amma na gane. Sau biyu na ce zuba. Sau biyu muka ji abin da ba zan faɗa gaban yara ba.

Da hantsi, cikin hayaƙi, ja ɗaya ya ɓallo a guje ya nufi ƙofarmu yana dukanta. Na ce zuba.

Da harbi ya lafa muka sauka, ni da Inna. Fuska ba ta ganuwa. Facin gwiwar wandonsa na gane, ni na ɗinka shi. A hannunsa akwai gorar ruwa, ba komai a ciki.

Inna ta duƙa ta duba facin. Sai ta ce, "Wannan ɗan Ingila ne."

"Inna, Yaya ne."

"Na ce ɗan Ingila ne. Na rasa ɗaya, ba za a nuna min ɗayar da yatsa har ta mutu ba. Rantse."

Na rantse. Keken shanu ya zo kwashe gawarwakin 'yan Ingila, ya tafi da shi rami ɗaya da su.

Magana ta uku taka ce, Don Zenón. A tashe shi. Kai ka gaya wa hafsan soja cewa da aka harbe ka a cinya, Casimiro ya rufa maka bargonsa, ya ce zai ɗebo maka ruwa a gida, bai dawo ba. Ba ka yi ƙarya ba, tsoho. Da shaidarka aka rubuta ya gudu, ni da na san inda ya tsaya na yi shiru.

Ga 'yarsa Petrona can baya, inda ta saba zama. Shekara hamsin ana ce mata 'yar matsoraci. Ni na goya ta, ni na yi mata kitson aure, ban gaya mata ba. Inna ta mutu, Gwaggo ta mutu, rantsuwar ta tsufa, ni kaɗai ta rage wa. Yau na karya ta, Fada, sai mu haɗu a coci.

Don haka ina roƙonku, ya shugaba. Ina roƙonku, ya jama'a. Ku riƙe lambarku, ku mayar da tukunya madafa. Ku kira mai sassaƙa, kada a yaye mayafin dutsen can sai an ƙara suna ɗaya.

Allah Ya ji ƙan matattunmu, Ya ji ƙan nasu da ke rami ɗaya da namu. Allah Ya sa kada wata yarinya ta sake hawa soro don leƙen mutum. Allah Ya mai da kowa gida lafiya. Na gode.

Amsar kacici-kacicin ita ce Casimiro Ledesma. Bai gudu ba, Petrona. Ruwa ya zo ɗiba, ni na ce zuba.