Birkin da Aka Ɗaura a Kife

A rumfar shayi da ke saman dutsen Babusar, Sher Afzal, tsohon direban jif, ya ƙura wa ƙafar wata farar mota ido. Mai motar, wani ɗan Lahore, ya matso yana murmushi.

"Baba, ka ga birki ko? Faifan ya kai faranti girma, abin damƙe shi kuma ja wur. Sabo fil!"

Tsohon ya tsuguna ya leƙa, sai ya ajiye kofinsa a ƙasa.

"Inna lillahi! Ɗana, in ka taka tana tsayawa nan take?"

"Sai na taka sau biyu. Sabo ne, bai zauna ba."

"A kife aka ɗaura shi! Na dama a hagu, na hagu a dama. Notin fitar da iska ƙasa yake kallo maimakon sama, cikinsa duk iska ce. A gangaren nan sai ka taka ka ji wayam. Wane jaki ya yi aikin?"

Mutumin ya ce, "Ni ne. A waya na kalla."

"To, ka gode wa Allah."

"Baba... da motar ƙanena na fara wannan aikin."

"Tana ina?"

Mutumin ya nuna gangaren. "Yanzu suka sauka. Mahaifiyarmu ta ce shi za ta bi, ya fi ni tuƙi a hankali."

"Kira shi mana!"

"Babu sabis."

Sher Afzal ya tsallake kofin, ya ruga ya tada jif ɗinsa.

"Hau! Danne hon ɗin nan, kada ka saki!"