Unguwar da Ake Fitowa Jana'iza

A tashar Tambuwal ne, bayan zaɓe, ina jiran motar da ta fi ni saɓa alkawari. Wani baƙo daga ƙauyukan Kebbe, da kaya da mata da yarinya mai tari, ya tsuguna gaban wani dattijo mai goro.

"Baba, wace unguwa taf fi daɗin zama da iyali?"

"Tamu mana, ɗana! Ga rijiya, ga masallaci. Ni kaina ina da ɗaki ba kowa ciki."

"Ba ruwa nika tambaya ba. In mutum ya yi rashi, ana fitowa?"

"Subhanallahi! Ina ne ba a fitowa jana'iza?"

"Inda nit taso. Ɗana Atu ya rasu da damina. Ni da ƙanena munka gina kabari, munka sallace shi, maƙwabta na leƙe ta danga. Wai na jefa ƙuri'a akwatin da ba nasu ba."

Dattijo ya dubi yarinyar.

"Wane akwati kaj jefa? Ba don ni ba fa, don maƙwabta."

Baƙon ya miƙe, ya dubi matarsa.

"Asiya, goya ta. Mu gwada Dogon Daji, nan ma tambaya sukai."