Na Fasa Ƙwayar Gida Biyu

Assalamu alaikum, Malam mai gabatarwa. Ina sanar da ɗaukacin jama'ar Ƙaura Namoda cewa jiya na tuƙa tuwo da kaina, ko akuya ba ta kalle shi ba.

Maiɗakina Hajara na da sankarar jini. Maganinta ya fi ƙarfin albashin malamin makaranta, sai na yi dabarar masu ilimi: na riƙa fasa kowace ƙwaya gida biyu. Ta ce, "Malam, ba haka likita ya ce ba." Na ce likita bai san farashin gero ba.

Yanzu tana kwance asibiti a Sakkwato, ƙanwarta ke jinya, ni da rediyo ke gadin gida. Jama'a, ina ake samun rangwamen maganin nan?

Hajara, in kina ji, ni na yi kuskure.