'Yata Za Ta Inda Babu Magariba

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, da kai da masu sauraro. Sunana Habiba, daga unguwar Mount Hope a Bronx, nan Amurka.

Aikina jinyar tsofaffi a gidajensu. Akwai wani dattijo da na yi jinya har ya rasu. Yana saurayi yana cikin sojojin ruwan da Amurka ta tura ƙarshen duniya ta kudu, wato Antatika, su gina wa masu bincike masauki a kan ƙanƙara. Ya ce na gabansu da karnuka suka ratsa wurin, wasu ba su dawo ba. Shi ma sanyi ya cinye masa yatsu. In na koma gida sai in kwashe labarin in ba 'yata Zainabu muna cin tuwo. Ni hira na ɗauke shi, ashe ita ta riƙe.

Bana an ɗauke ta cikin masu binciken da za su can. Da ta gaya mini, na daure na ce, "Allah ya tsare. Kullum bayan Magariba ki kira ni."

Sai ta amsa da Turanci yadda ta saba: "Mama, can rana ba ta faɗuwa sai bayan watanni."

Malam, ka ji fa. Na riga na sa mata darduma a jaka. Don Allah malamai su taimake ni: da wace rana yarinyar nan za ta yi salla? Ni kuma yaushe zan zauna kusa da waya?