Layin da Hedimasta Ya Soke

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Shugaban ƙungiyarmu ta masu gonaki, malamanmu da dattawanmu, shugabar asibiti, shugaban makaranta da malamansa, Hajiya uwargidan marigayi, 'ya'yansa da jikokinsa, 'yan'uwa maza da mata, ina gaishe ku, ina kuma yi mana ta'aziyya baki ɗaya.

Kun san ni. Shekara talatin ina jan babbar mota kafin gwiwa ta ce ta gaji, kuma ban iya magana a taro ba sai dai in zolaya ce. An zaɓe ni ne don ni na koya wa Hedimasta tuƙin tarakta. Da shugaba ya san abin da ke cikina, wataƙila da wani ya miƙa wa lasifikar nan.

Marigayi Hedimasta ya kasance malamin rabin mutanen da ke zaune a ɗakin nan, sauran rabin kuma ya koyar da 'ya'yansu. Ya kasance mutumin da ba ya iya wuce ɓarna: in ya ga kwalbati ta toshe, sai ya cire takalmi ya naɗe wando. Ya kasance, tun da ya yi ritaya, mai damun kowane taronmu da magana ɗaya, wato hanyar asibiti. Duk damina ruwa ya cinye ta, ciyawa ta rufe filin makaranta har macizai su samu gida, mu kuwa muna ta cewa a bari sai rani.

Da ƙungiya ta samo ƙaramar taraktar nan, mai bokiti a gaba da injin yankan ciyawa a baya, sai aka rasa mai hawa. Masu ƙarfi suna birni wurin aiki, ni kuma gwiwata ba ta jure taka kuloci na awa guda. Sai Hedimasta ya ɗaga hannu kamar ɗan aji uku. Muka kwashe da dariya. Mutum mai shekara sittin da huɗu, wanda ko a kan keke ba ya sakin hannu ɗaya!

Washegari na same shi a bakin gareji da littafin rubutu da biro.

Ya ce, "Direba, daga yau kai ne malam. Gemu ba ya hana ilimi."

Na ce, "Hedimasta, ba a tuƙi da biro."

Ya ce, "To bar ni in fara da abin da na iya."

Ranar ya saki kuloci gaba ɗaya, tarakta ta yi tsalle ta ture duron ruwa. Ya sauko ya dubi ɓarnar, ya buɗe littafi ya yi rubutu. Na tambaye shi me ya rubuta. Ya ce, "Na rubuta cewa ba ta son a yi mata gaggawa, kamar uwargida." Hajiya, ki yi haƙuri, ni ne na tona.

Amma ya koya, kuma ya koya da kyau. Ya san a duba mai da ruwa kafin a tayar. Ya san in bokiti ya cika da tsakuwa a riƙe shi ƙasa-ƙasa. Ya san ba a ratsa gangare a karkace, sai dai a hau shi ko a sauko shi kai tsaye. Cikin wata uku ya cike ramukan hanyar asibiti. Shugabar asibiti tana nan, za ta shaida cewa daminar bara ce ta farko da motar marasa lafiya ta kai har bakin ƙofa, ba a sauke mai naƙuda a taɓo ba. Ya share filin makaranta. Ya buɗe magudanan ruwa na gidajen da ba su da mai yi musu. Ya kasance in ka yi masa godiya sai ya ce ka gode wa malaminsa, ya nuna ni. Ni kuma in gyara zama ina jin daɗi.

Yanzu zan zo inda nake tsoro. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

A bayan kujerar taraktar akwai wani ƙarfe mai kaurin hannu, siffarsa kamar bakin ƙofa. Aikinsa ɗaya ne: in ta kife, shi zai daki ƙasa kafin mutum. Ana iya kwantar da shi, ana iya ɗaga shi a kafe da ƙusoshi biyu. Ƙofar garejinmu gajera ce, tarakta ba ta shiga sai an kwantar da shi. Sau biyu Hedimasta ya tashi a taro ya ce a ɗaga saman ƙofar. Sau biyu muka ce a bari sai rani.

Saboda haka kullum da safe sai ya fito da ita, ya tsaya, ya sauko, ya ɗaga ƙarfen yana nishi don kafaɗarsa na ciwo, ya sa ƙusoshi, ya hau, ya ɗaura bel. Da yamma ya sake kwancewa. Ni ina kan benci ina kallo, bakina ya ƙi shiru.

Na ce, "Hedimasta, jirgin sama za ka tayar ne? Shekara talatin ina kan titi ban ɗaura bel ba, ga ni nan. Balle 'yar wannan da ko akuya ta fi ta gudu."

Ya ce, "Littafin kamfani ya ce dole ne."

Na ce, "Littafi ya taɓa riƙe sitiyari? Wai ni ne malaminka ko littafi?"

Ya murza kafaɗa. Can ya ce, "Kai ne."

Sauran kun sani. Da safe ne, bayan ruwan sama, yana yankan ciyawa a gefen babban rami bayan makaranta. Ƙasa ta yi laushi, ta zabtare, tarakta ta kife. Waɗanda suka fara isa sun tarar da ƙarfen a kwance. Makaniken da ya zo ɗaga ta ya duba ya girgiza kai, ya ce da yana tsaye, mai yiwuwa da rauni kawai za a yi jinya.

A wurin zaman makoki babbar 'yarsa ta tare ni. Ta ce, "Baba Direba, babanmu da ko ƙofa ya kulle sai ya koma ya duba, ta yaya ya fita ƙarfen yana kwance?" Na ce mata, "Tsautsayi ne, 'yata, ba ya wuce ranarsa." Ban yi ƙarya ba, amma na ɓuya a bayan gaskiya.

Makon jiya ta kawo mini littafinsa har gida. Ta buɗe shafin farko ta ajiye a gabana. Ga shi a hannuna. Na ɗaya: duba mai da ruwa. Na biyu: ɗaga ƙarfe, sa ƙusoshi, ɗaura bel. Layi na biyun nan an soke shi da rula, tsaf, irin aikin Hedimasta. A gefe ya rubuta: "Malam ya ce ba dole ba ne."

'Yata, kin yi tambaya a gaban mutane, ga amsarki a gaban mutane. Babanki bai yi sakaci ba. Ya ji maganar malaminsa ne, kuma malamin ni ne. Hajiya, kin shekara arba'in da mutumin da ya fi kowa taka-tsantsan, kada ki bari wani ya ce miki ganganci ne ya kai shi. Na yarda ajali ba ya jinkiri, amma sanadinsa ya biyo ta bakina, kuma abin yana cina dare da rana.

Mu ma 'yan ƙungiya kada mu sunkuyar da kai mu ce na Direba ne shi kaɗai. Bayan rasuwar, magini ya zo ya ɗaga saman ƙofar garejin. Rabin yini ya yi ya gama.

Na ji wasu na cewa a rabu da taraktar. Amma damina za ta dawo, hanyar asibiti ba ta san mun yi rashi ba. Mutum uku sun ba da sunansu za su koya. Na roƙi 'yarsa ta bar ni in koyar da su da littafin nan, in fara nuna musu layin da aka soke da sunan wanda ya sa aka soke shi. Ba ta amsa ba tukuna, kuma ba zan matsa mata ba. Yafiya ma ban ce sai yau ba, 'yata. Ga littafin babanki, in kin ga dama wata rana ki aiko mini da shi.

Na gode wa shugaba da bai karɓe lasifikar ba, na gode muku da kuka saurare ni har ƙarshe.

Allah ya jiƙan Hedimasta, ya haskaka kabarinsa, ya sa hanyar da ya gyara wa marasa lafiya ta zame masa hanyar Aljanna. Allah ya ba Hajiya da zuriyarsa haƙuri. Allah ya kare masu koyo daga malami irina, ya kuma yafe mini, don ɗalibina bai yi laifin komai ba sai jin magana.

Amin.