Mutumin da Yake Jin Ƙararrawa Ɗaya

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe Sefo, hakimin yankinmu, Alkalo, mai garinmu, Liman da dattawa, Nyima matar marigayi da 'ya'yanki, iyayenmu mata, sai ku ɗalibaina da kuka cika bayan rumfa. Ni ne Karamo Sise, shugaban makaranta. An ce in yi magana a kan Sarjo Ture. Yau kwana arba'in da rasuwarsa, kuma har yanzu ban yi kuka ba. Ina zuwa aiki, ina cin abinci, ba na jin komai.

Akwai wani kuskure da yawancinmu muke yi, bari in fara da shi. Mun ɗauka cewa Sarjo ya san wanda kowa ya zaɓa.

Ku yara da ba ku taɓa shiga bayan labule ba, ga yadda muke yi a nan Gambiya. Ana ba ka ɗan ƙwallon gilashi guda ɗaya. Ka shiga kai kaɗai, ka tarar da gangunan ƙarfe, kowace da launin ɗan takararta. Ka jefa, ƙararrawa irin ta keke da ke cikin gangar ta buga. Wanda yake zaune a waje yana saurare don kada wani ya jefa biyu. Zaɓe biyar Sarjo ya yi a kan wannan kujera.

Ya kasance mai zuwa da rairayinsa daga bakin kogi, ya tankaɗe, ya zuba a gindin kowace ganga daidai wa daida, don kada ƙarar faɗuwar ƙwallo ta tona wa kowa asiri. Ya kasance mai korar kekuna daga harabar makaranta ranar zaɓe. Ni kaina ya kore ni da kekena, kun san Sise da Ture abokan wasa ne tun kaka da kakanni.

"Sise, fitar da wannan gwangwanin! Ƙararrawarka za ta rikita mini kunne."

Na ce, "Ture, kai da kunnenka ba ya jin komai sai ƙarar murfin tukunya?"

Ya ce, "Shinkafar da kakanka ya cinye wa kakana ce nake saurare. Fita."

Ya kasance mai cewa dokar ƙasa ta ba tsohuwa da hakimi ƙwallo ɗaya ɗaya, kuma aikinsa kawai ya ga an bar su haka.

Abin da zan faɗa yanzu, da izinin mai shi zan faɗa. Shekara tara da suka wuce, washegarin zaɓe, Dembo, yayan Nyima, ya same mu muna shan shayi. Ya ce, "Sarjo, gaya mini, wa matata ta zaɓa?"

Sarjo ya ce, "Yaya, ƙararrawa ɗaya na ji."

"Na san ɗaya ce. Ta wace ganga?"

"Wallahi duk muryarsu ɗaya."

"Ni za ka rufe? Ni da na ba ka ƙanwata?"

Dembo ya tashi bai sha kofinsa ba. Bayan nan magana ta zaga gari cewa Sarjo ya sani, manya kawai yake gaya wa. Da famfo bai zo unguwar gabas ba, aka ce shi ya kai sunayensu. A zaɓen da ya biyo, mata da yawa ba su fito ba. Nyima, kin dasa shinkafa ke kaɗai damina biyu, matan ƙungiyarku suna wucewa. Mun gani. Mu da muke zaune nan mun gani, muka yi shiru. Yayanki kuma bai sake taka gidanki ba.

Sarjo bai yi rantsuwa a masallaci ba, bai kai ƙara ba. Ya samo gwangwanaye uku da ƙararrawar keke uku, ya haɗa irin na zaɓe, ya kawo makaranta. Ya ce yara su riƙa zaɓen shugabanninsu da su, duk mai shakka ya zo ya gwada kunnensa. Babu babba ko ɗaya da ya zo.

Ran Talatar nan Dembo ya zo. Ya juya baya, na jefa sau goma, yana faɗin gwangwanin da ƙwallon ya faɗa. Uku ya canka. Ya ce in sake. Biyu ya canka. Ya zauna a kan bencin yara, ya ce, "Malam, ka gaya wa Nyima..."

Ban bari ya ƙarasa ba. Dembo, ga ta can kusa da tukwane, taku goma ne tsakaninku. Na faɗi abin da ya shafi gari. Sauran ba a aika malami.

Nyima, ki yafe mana shirunmu. 'Ya'yan Sarjo, ku ɗaga kai, mahaifinku bai sayar da kowa ba.

Gwangwanayen suna aji na shida, ƙofa a buɗe take. Bayan addu'a, duk wanda ya taɓa ƙin fita zaɓe don tsoron kunnen Sarjo, ya zo ya juya baya, ni zan jefa masa.

Mun gode wa waɗanda suka tsallako kogi, da matan da suka dafa mana. Allah Ya gafarta wa Sarjo, Ya rufa masa asiri kamar yadda ya rufa namu, Ya ba Nyima haƙuri. Liman, bismilla.