Sau Uku Take Tambayarta

A shagon gyaran waya na ji wasu mata biyu suna hira, kowacce tana jiran tata.

"Baiwar Allah, sai duba agogo kike yi. Lafiya?"

"'Yata ce za ta kira ƙarfe huɗu. Shekararta sha shida, ta tafi karatun shekara ɗaya ƙasar waje, tana gidan wasu mutane."

"Kin yi ƙarfin hali! Suna riƙe ta da kyau?"

"Sosai, amma da farko ta sha yunwa. In aka ce ga abinci, sai ta ce ta ƙoshi, tana jiran a matsa mata, yadda na koya mata. Su kuwa sai su kwashe kwanukansu! Kwana uku tana cin biskit a ɗaki."

"Wayyo, yarinya!"

"Sai matar gidan ta tsinci ledojin biskit ɗin a ƙarƙashin gado, ta zaunar da ita ta ji dalili. Yanzu sau uku take tambayarta kafin ta ɗauke faranti."

"Allah ya saka mata da alheri."

"Amin. Har Mama take ce mata."

"Bai dame ki ba?"

"Ya dame ni mana! Amma matar da ta durƙusa ta leƙa ƙarƙashin gadon 'yata, ai ta ci sunan."